Wankin Mota a Daura: Ruwa da Hannu Kafin Inji

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

  Ina gaida mutanen cikin garin Daura, da na Sandamu, da Mai'adua, da Zango, da Baure, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka masu kama mu daga wajen Matamai da Magarya. Yau a kan wankin mota za mu tsaya. Magana ce ta kowa, amma na fi nufin samari, musamman wanda ya yi kwasar adashe ko ya sayar da ɗan amfanin gonarsa, kuɗi suna hannu, yana ta saƙa da warwara a kan abin da zai kama.

Tambayar farko ita ce, akwai kasuwa kuwa? Akwai. Duk wanda ya san Daura shekara goma sha biyar baya, ya san motocin da ke yawo cikin gari yau ba za a haɗa su da na wancan lokaci ba. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, a shekarar aka buɗe asibitin Sojojin Sama, a watan Disambarta kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri. Ga kwalejin Yusuf Bala Usman da ta riga su. Duk waɗannan wurare cike suke da malamai da likitoci da ma'aikata, masu fita da sassafe su dawo da yamma, waɗanda ba su da sukunin tsayawa da bokiti a ƙofar gida. Ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, ya ratso ta ƙasarmu da motocinsa. Sannan ga hanya. Mai fitowa daga Kano ta Kazaure zai wuce Kwangwalam ya nufi Damagaram, ta nan zai bi. Mai fitowa daga Katsina ta Mashi, nan zai sauka. Ran Lahadi kuwa, je ka bakin kasuwar Mai'adua ka dubi motocin da suka kwaso dabbobi da hatsi bayan an sauke kaya, ka ga ko suna bukatar wanki.

Akwai kuma wani dalilin da bai fito fili ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sauya mota ya gagari yawancin mutane. Wanda a da yake canjawa bayan shekara uku ko huɗu, yanzu ta hannunsa yake lallaɓawa. Mai lallaɓa mota kuwa, wanda zai kula masa da ita yake nema. A nan sana'ar ta rabu gida biyu. Akwai wankin sama-sama, a watsa ruwa, a goga kumfa, a ɗauraye, cikin rabin awa an gama. Akwai kuma aikin tsaf, wanda ake bin mota lungu-lungu, daga ƙarƙashin kujera har ramukan esi, a fitar da tabo, a kashe wari, a dawo wa fenti da ƙyallinsa. Na farko kowa na yi. Na biyun ne masu yinsa ba su da yawa, kuma shi ya fi tsoka.

To, yawancin masu wannan niyya, abin da ke fara zuwa ransu inji ne. Ya ga ana feshi a Kano ko Katsina, sai ya ce da zarar na sayi injin nan da janareta, shi ke nan na kafu. A ganina inji shi ne na uku. Kafinsa akwai ruwa, akwai kuma hannu. Wanda ya tsallake waɗannan biyun ya je ya sayo inji, yana iya kafin shekara ta zagayo ya tsinci kansa yana neman mai saye.

Mu fara da ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Mu a bakin Sahel muke. Ruwan sama daga wajen Yuni zuwa Satumba ne, sauran watannin kuwa sai abin da ƙasa ta riƙe. Tarihin garin nan ma da rijiya ya fara, Kusugu, wadda labari ya ce ba a samun ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a. Yau akwai madatsar Sabke, akwai rijiyoyin burtsatse, amma famfo bai kai kowace unguwa ba, shi ya sa har gobe 'yan garuwa ke tura kura cikin gari. Sana'ar da za ka shiga, ruwa take sha daga safe har magariba. Saboda haka ɗauko takarda da biro.

Jarkar nan mai ruwan ɗorawa lita 25 take ci. Mu ɗauka, a matsayin misali, ƙaramar mota ta cinye maka jarka huɗu, lita 100 ke nan. In Allah ya kawo kasuwa ka wanke mota goma sha biyar a yini, ka tashi da jarka sittin, lita 1,500. Yanzu je ka tambayi ɗan garuwan unguwarku nawa yake sayar da jarka. Kada ka tsaya a farashin yau. Ka ce masa, a watan Afrilu fa, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, layi ya yi tsawo a bakin burtsatse, nawa take kaiwa? Da wannan farashin na bazara za ka yi lissafi. In ka ninka shi sau huɗu ka ga ya cinye rabin abin da ake biya a wanke mota ɗaya, to ka san da ruwan saye ba za ka kai labari ba, tun da ga sabulu, ga mai, ga yara, ga haya, duk suna jiran rabonsu.

Hanyoyin samun ruwan ba su da yawa. Ko ka saya, ko ka haɗa kai da wanda ya riga ya haƙa burtsatse, kamar mai gidan mai ko mai buga bulo, ku yi yarjejeniya a rubuce, ko kuma ka haƙa naka. Ga mai ƙaramin jari, haɗin kan nan ya fi sauƙi, kuma gidan mai yana da wata fa'ida, motoci da kansu suke shigowa. Wanda zai haƙa nasa kuwa, kada ya yi gaggawa. Zurfin ruwa ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, don haka a kira masu awo su duba wurin tukuna, a kuma tambayi maƙwabta mita nawa suka yi kafin su samu, da yadda rijiyarsu take kasancewa a bazara. Sai batun abin da zai jawo ruwan. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce dubu. Janaretan da a da ba a lissafa cinsa, yanzu abokin rabon riba ne. Sola tana da tsada ranar saye, amma rana ba ta yanke mana a nan. A jawo ruwa da hantsi a cika tanki a sama, nauyinsa ya riƙa sauko da shi. Ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin babban injin feshi da tanki mai kyau haɗe da sola, tankin zan fara ɗauka.

Shi kansa injin feshin, in an iya shi, yana rage ɓarnar ruwa. Ƙananan masu aiki da lantarki lita 6 zuwa 8 suke fitarwa a minti ɗaya, alhali tiyo da aka sake a buɗe ya fi haka zubarwa. Amma sharaɗin shi ne bindigar ta kasance mai kunama, wadda da an saki hannu ruwa zai tsaya, kuma yaro ya san ba a feshi ana hira. Gwada da kanka: sa bakin tiyonka a jarka, duba agogo, ka ga minti nawa take yi ta cika. Daga nan za ka san abin da kowane minti na wasa yake ci maka.

Ga wata dabara da ake rainawa. Rumfar kwanon da za ka yi don inuwa, ita ma rijiya ce a damina. Duk milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rumfa mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, in aka yi ruwa mai kyau na milimita 20, ta tara maka lita 1,200 a dare ɗaya, in dai ka sa mata indararo da tanki. A bar ruwan farko ya wanke kwanon ya zube, sannan a tara. Ruwan sama kuma ya fi na wasu rijiyoyin daɗin ɗauraya, don ba ya barin farin tabon nan da ake gani a gilashi bayan ya bushe.

Kafin in bar maganar ruwa, akwai abin da ke raina. In bazara ta yi tsanani, mata da yara suna yawo da bokitai suna neman na sha, kai kuma ga ka kana kwarara wa taya ruwa, idanu za su dawo kanka, kuma suna da gaskiya. In Allah ya hore maka burtsatse, fitar da kan famfo ɗaya waje, ka sa lokacin da maƙwabta za su ɗiba safe da yamma. Hakkin maƙwabtaka ne, kuma waɗannan mutanen su ne za su sa maka ido a kan kayanka ranar da ba ka nan.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan wankin mota. Mun yi maganar ruwa, yanzu sai hannu.

Fentin mota hawa-hawa ne. Akwai shafen farko mai kama ƙarfe, akwai launi, sannan a sama akwai wani siririn shafe marar launi, wanda shi ne ke ba da ƙyalli, yake kuma kare launin daga rana. Kaurinsa bai kai na takardar littafi ba. Duk aikin mai wankin mota a kan wannan siririn shafen yake, kuma abin da ya kankare daga jikinsa ba ya dawowa sai an koma wajen mai fenti.

Yanzu dubi ƙurarmu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta kwaso ƙurar hamada, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, ta haɗu da rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. A cikin rairayi akwai ƙwayoyin dutse da suka fi fenti tauri, sun ma fi gilashi tauri. Yaron da ya ɗauki busasshen tsumma ya hau goge motar da ta kwana cikin hazo, daidai yake da mai goga mata sanfefa. A inuwa ba za ka ga komai ba. Fitar da ita rana ka karkata kai, musamman in baƙa ce ko shuɗiya, sai ka ga siraran zane-zane sun zagaye bonet da ƙofofi. Direban da ke kunna waifa a busasshen gilashi da safe, shi ma haka yake yi wa gilashinsa, har ya kai fitilar mai zuwa da dare tana watse masa a ido.

Saboda haka doka ta farko: hannu ba ya taɓa mota sai ruwa ya fara kwashe rairayin. A jiƙa ta daga sama zuwa ƙasa, a bar ƙasar ta gangara. Sannan a ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma soso a kumfa, ka wanke rufi, sai ka ɗauraye soson a ruwan zalla ka matse, kafin ka mayar da shi cikin kumfa. In ka gama mota ɗaya, leƙa gindin bokiti na biyun ka ga rairayin da ya kwanta. Duk wannan a jikin fenti zai ƙare da bokiti ɗaya ka yi aiki. Soson taya da na ƙasan ƙofa daban, kada ya kusanci bonet. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi. Tsohuwar singileti da buhun da aka yayyaga a bar su, a nemi tawul ɗin nan mai laushi na maikurofaiba, a bambanta launinsu, na gilashi daban, na bodi daban, na ciki daban.

Sabulu ma haka. Omo da 'yan'uwansa don tufafi aka yi su, aikinsu cire maiƙo, don haka suna cire kakin da ke kare fenti, su busar da robobin gefen gilashi. Sabulun mota na ruwa yana nan a shagunan kayan mota, murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti. Kuma ba a wanki a tsakar rana. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ƙarfe ya ɗauki wuta, kumfa ta bushe kafin ka zagayo, ta bar tabo. Shi ya sa rumfa ta zama dole. Inuwar bedi tana da daɗi, amma 'ya'yansa da kashin tsuntsayen da ke kansa suna cin fenti in suka kwana a jiki.

Folish na inji kuwa, wanda ake dawo da ƙyalli da shi, a yi hattara. Ainihin abin da yake yi shi ne kankare ɗan kaɗan daga wancan shafen domin zanen ya baje. In aka danna da ƙarfi, ko aka daɗe a wuri ɗaya, musamman a kan kusurwa, sai a ƙone fentin. Kada ka koya a motar mutane. Je ka wajen masu gyaran bodi ko 'yan gwangwan ka sayi tsohon bonet ko ƙofa, ka jingina a bayan rumfa, ka yi ta gwadawa har hannunka ya faɗa. A kansa za ka koyi gyaran fitila ma. Fitilun gaba na motocin yanzu roba ce, rana ke sa su yi ja su dushe. Ana goge su da sanfefa mai laushi cikin ruwa, daga lamba 1000 zuwa 2000 zuwa 3000, a bi da folish, sannan a shafa maganin kariya daga rana, in ba haka ba cikin 'yan watanni su koma yadda suke. Aiki ne na awa guda, kuma mai tafiyar dare a hanyar Kazaure zai ji daɗinsa tun daren farko.

Cikin mota shi ne inda mai ita yake zaune, nan hancinsa da idonsa suke. A fitar da tabarmin ƙafa, a tura kujeru gaba da baya, a bi da injin zuƙar ƙura kafin ruwa ya shiga, a sa ƙaramin buroshi a ramukan esi da gefen giya. Mun san abin da ke zuba a motocinmu: fura da nono, kunun aya, manja, miyar biki. Manja ba a murza shi, sai ya bazu. A danna tsumma ya tsotse, a barbaɗa garin sitaci ya ja sauran, sannan a bi da sabulu kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya. Nonon da ya gangara ƙarƙashin kafet kuwa, ko kwalba guda ta turare ka juye, bayan kwana biyu tsamin zai taso. Sai an ɗaga kafet ɗin, an wanke, an shanya ya bushe ƙayau. Kada ka yarda mota ta bar wurinka da danshi a ciki, don ƙarshensa wari ne da tsatsa, kuma akwai wayoyi shimfiɗe a ƙasan. A yawancin Toyota da Honda akwai matatar iskar esi a bayan akwatin gaban fasinja. Ciro ta a tsakiyar hunturu ka nuna wa mai motar, shi da kansa zai ce a canja.

Abubuwa biyu a nan sun shafi rai. Man ƙyallin da ake shafa wa taya da dashbod, kada ya taɓa sitiyari, ko birki, ko totur, ko kuloci, domin santsi yake sa su. Kuma kada a haɗa Hypo da ruwan batir ko maganin wanke masai, haɗin yana fitar da iska mai guba, balle a cikin rufaffiyar mota.

Wankin injin mota kuwa, a nan masu wanki da yawa suke jawo wa kansu biyan abin da ba su ci ba. Tsofaffin motoci sun jure feshi. Na yanzu akwai kwamfuta, akwai akwatin fis, akwai kwayil a kan kowane filogi. A bar inji ya huce tukuna, a rufe altaneta da akwatin fis da bakin shan iska da leda, a yi aiki da buroshi da tsumma da ruwa marar ƙarfi. Fetur ba abin wankin inji ba ne, gobara ce. In ba ka koya ba, ka ce ba ka yi.

Wuri fa? Kada ka kafa a kafaɗar titi. Nemi fili da mota za ta shiga ta fita ba tare da ta ja da baya zuwa kan kwalta ba, ku rubuta yarjejeniyar haya ta shekaru a gaban mai unguwa da shaidu, domin daɓen siminti da tanki ba a ɗaukarsu a ka in an tashe ka. Daɓen ya ɗan karkata zuwa rami mai ɗaki uku. A na farko rairayi ya kwanta, a na biyu baƙin mai da giris su taso sama a kwashe, a na uku ruwa ya fito da dama-dama, har ka sake jan sa ka wanke taya da ƙarƙashin mota, ka ga jarkokin nan sittin sun ragu. Ruwan da aka saki ya kwanta a lungu sauro yake haifarwa, mai maiƙon kuma yana iya tsiyaya ya gurɓata rijiyar maƙwabci, kuma duba-gari zai zo. Wayoyin lantarki a rataye su sama, nesa da jiƙaƙƙen daɓe, janareta kuma a waje inda hayaƙinsa zai fita.

Sai amana. Mutum ya miƙa maka abin da ya fi komai tsada a dukiyarsa bayan gida, ya juya baya. Ga yadda nake son a karɓi mota:

“Sannu da zuwa, Alhaji. Kafin mu taɓa ta, ranka ya daɗe, mu ɗan zagaya tare. Ga wani ƙwarzane nan a ƙofar baya, ga kuma madubin nan yana rawa. Bari in ɗauki hoto. In akwai kuɗi ko waya ko takardu a ciki, a taimaka a ɗauke. Wankin waje kawai za a yi, ko har ciki? Ga kuɗin kowanne.”

Minti biyu ne, amma sun rufe ƙofar rigima. Abin da aka tsinta a ƙarƙashin kujera, ko naira hamsin ce, a sa a leda a ajiye a kan dashbod. Makulli a hannun mutum ɗaya, mai lasisi, shi kaɗai ke matsar da mota, kuma ba a zaga gari da ita da sunan busarwa. Dillalan mota za su zama manyan abokan cinikinka. Gyara mota ta yi kyau a idon mai saye babu laifi. Amma in aka ce maka wanke yoyon man nan tas don kada mai saye ya gane, wannan algus ne, kada ka sa hannu.

Yaranka ma amana ne. Ku yanke tun farko nawa ne rabonsu a kowace mota, a biya su a ranar. Saya musu takalmin roba da safar hannu, domin wanda ya wuni cikin ruwan sabulu a sanyin Janairu, faso da kaushi za su hana shi taka ƙasa. Ƙananan yara kuma da ya kamata a ce suna aji ko gaban allo a wannan lokacin, kada arhar aikinsu ta ruɗe ka.

Kuɗin da ke aljihunka da magariba ba duka ne naka ba. A ciki akwai na ruwa, na sabulu, na haya, da na gyaran injin da tabbas wata rana zai tsaya. Sayi littafi ka rubuta kowace mota da kowace fita. Abokai da 'yan'uwa za su zo da “sai na dawo”, ka san yadda za ka yi da su tun kafin su zo. Kada ka raina babur da A Daidaita Sahu, ruwansu kaɗan ne, kuɗinsu a hannu. Nemi shugabannin direbobi a tasha ku daidaita a kan farashin mako, nemi izinin ma'aikatu ka riƙa zuwa da babur da jarkoki kana yi wa ma'aikata aiki suna ofis, su biya a ƙarshen wata. Gab da Sallah ƙarama da babba, da Sallar Gani a Rabi'ul Awwal lokacin da gari ke cika da baƙi masu zuwa kallon hawa, ga wankin darduma da kafet na gidaje, ga motocin kai amarya.

Takardu ba su da wahala. Yi rajistar sunan sana'arka da hukumar CAC, ana yi ta intanet, ka buɗe asusun banki da sunan, domin ma'aikata ba ta ba da kwangila ga wanda ba shi da takarda. Leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma ka ji abin da ake biya, ka karɓi rasit. SMEDAN ta tarayya da KASEDA ta Jihar Katsina don masu ƙananan sana'o'i aka kafa su, sa kunne ga sanarwar horo ko tallafi daga gare su, amma kada ka jingine farawa sai sun kira ka.

In kana tambayar yaushe ya kamata a buɗe, ga shawarata. Yi damina kana yaron wani, a nan Daura ko Katsina ko Kano, wajen wanda ya iya aikin ciki da folish, ka ga taɓo, ka ga yadda ake wanke ƙarƙashin mota. Cikin wannan lokaci a yi daɓe, a kafa rumfa, tanki ya kama ruwan Agusta da Satumba. Ka buɗe da kaka, wajen Oktoba, lokacin da amfanin gona ya shigo, kuɗi suka ɗan wadata a hannun mutane, hazo kuma yana kan hanya. Hakan zai ba ka wata biyar ko shida ka tara abokan ciniki da ɗan abin ajiya kafin Afrilu ta zo da tsadar ruwanta.

Nan za mu dakata, jama'a. Mai tambaya ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)